Ɗora Wa Manyan Motoci Injin Da Ya Fi Nasu: Ƙarfi Ya Ƙaru, Amma Ina Birki?

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya san yadda cinikin inji yake tafiya. Mutum ne injin motarsa ya buga, ya zo neman wani irinsa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga ƙetare, watau na Beljiyam ko tokumbo. Kafin a gama tayi sai mai kaya ya nuna masa wani da ke gefe, mai silinda shida, ya ce ai da zai ƙara 'yan kuɗi kaɗan ya ɗauki wannan da ba mai sake wuce shi a hanya. Bakanike kuma ya gyaɗa kai, ya ce zai zauna.

Sau da yawa maganar bakaniken gaskiya ce, inji yakan zauna, mota ta tashi, ta yi gurnani mai daɗin ji. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne ko sauran jikin motar zai iya ɗaukar wannan sabon ƙarfi da aka ɗora masa. Wannan sana'a ta sauya inji tsohuwa ce, tana da tarihi mai tsawo a Amurka da Jamus, kuma manyan kamfanonin ƙera motoci da kansu sun yi ta. Yana da kyau mai karatu ya ji yadda suka yi, da abin da suka kashe wajen yi, kafin ya miƙa wa wani makullin motarsa.

ASALIN AL'AMARIN

A Amurka aka fara yin suna da wannan aiki. Daga shekarar 1920 zuwa 1933 gwamnatin ƙasar ta haramta sayar da barasa, har bayan an ɗage dokar kuma mutanen tsaunukan kudancin ƙasar ba su daina dafa ta a ɓoye ba saboda gudun haraji. Masu yi musu jigila suka riƙa neman motar da idan aka gan ta ba za a ɗauke ta a bakin komai ba, amma idan aka taka ta sai 'yan sanda su sha ƙura. Ford ƙirar 1940 ita ce suka fi so, daga baya kuma suka riƙa cire injinta suna sa na Cadillac. Ba su tsaya nan ba, sai da suka ƙara mata sifirin a baya domin kada nauyin kaya ya tona musu asiri. Daga cikin waɗannan direbobi ne aka sami wasu gwanayen tseren motoci na farko a ƙasar, irin su Junior Johnson.

Kamfanoni suka lura. A shekarar 1949 kamfanin Oldsmobile ya ɗauki sabon injinsa mai silinda takwas, mai lita 5 da ƙarfin doki 135, wanda aka yi wa babbar motarsa mai lamba 98, ya sa shi a jikin wata da ta fi ta sauƙin nauyi, ya kira ta 88. Motar ta riƙa lashe tsere a wannan shekara da wadda ta biyo baya, masu saye kuma suka yi mata ca.

A nan ya kamata a bayyana abin da ake nufi da ƙarfin doki, tun da za a yi ta ambatonsa. A ma'aunin Turai, ƙarfin doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin kilo 75 sama tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'aunin Amurka da Ingila ya ɗara wannan da ɗan kaɗan. Lita kuwa ita ce yawan iska da mai da silindojin inji gaba ɗaya suke iya zuƙa a zagaye guda.

YADDA JAMUSAWA SUKA YI

A shekarar 1963 kamfanin Mercedes-Benz ya fito da wata ƙasaitacciyar Marsandi mai lamba 600, motar sarakuna da shugabannin ƙasashe, wadda nauyinta ya kai tan biyu da rabi. Injinta mai silinda takwas ne, lita 6.3, ƙarfin doki 250. Wani injiniyan kamfanin mai suna Erich Waxenberger ya ga cewa wannan inji zai fi nuna kansa a jikin motar da ba ta kai wannan nauyi ba. Sai ya ɗauko Marsandi 300 SEL, wadda injinta na asali mai silinda shida ne da ƙarfin doki 170, ya cusa mata na 600. Da babban injiniya Rudolf Uhlenhaut ya tuƙa ta ya ji yadda take, sai aka yarda a ƙera ta don sayarwa.

An nuna ta a bikin baje kolin motoci na Jeneba cikin watan Maris na 1968. Tana kaiwa gudun kilomita 100 a awa daga tsaye cikin daƙiƙa shida da rabi, iyakar gudunta kuwa kilomita 220. Kafin a daina yin ta a 1972 an ƙera guda 6,526. Abin lura shi ne motar tana da birki mai faifai a duk ƙafafunta huɗu, faifan kuma masu ramukan shan iska ne don kada su yi zafi, sa'an nan tana zaune bisa matasan iska da ke daidaita tsayinta ko da nauyi ya ƙaru.

Wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin biyu, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, waɗanda suka kafa ɗan kamfaninsu mai suna AMG a 1967, suka ƙara faɗaɗa wannan inji zuwa lita 6.8, ya ba da ƙarfin doki 428. A shekarar 1971 suka shiga da motar tseren awa 24 na Spa a ƙasar Beljiyam. 'Yan kallo suna yi mata dariya saboda girmanta, amma da aka tashi ita ce ta zo ta biyu a tseren gaba ɗaya, ta kuma zo ta ɗaya a ajinta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Marsandin da mutanen Nijeriya suke kira V-boot. Kamfanin ya so ya sa mata injin motar wasanninsa 500 SL, mai silinda takwas, lita 5, ƙarfin doki 326. Aikin ya fi yadda ake zato, har sai da aka nemi taimakon kamfanin Porsche. Aka faɗaɗa ɗakin inji, aka buɗa kafaɗun motar domin manyan tayoyi su sami wuri, aka sauke ta ƙasa kaɗan, aka ɗauko birkin 500 SL aka sa mata. Batir aka mayar da shi but saboda babu wuri a gaba, kuma don a rage wa gaban nauyi. Kujerar baya ta koma ta mutum biyu kawai. Kowace mota ɗaya sai ta yi kwana 18 ana kai da kawo da ita tsakanin masana'antun kamfanonin biyu kafin ta kammala. An kira ta 500 E, an ƙera 10,479 zuwa 1995.

To, mai karatu ya auna. Kamfanin da ya zana motar da hannunsa, yana da injiniyoyi da filin gwaji, sai da ya taɓa kusan kowane sashe nata kafin ya yarda ya sayar wa jama'a. Shi ne aikin da wani yake cewa zai gama maka a gindin bishiya kafin la'asar ɗin jibi.

ZAMANIN INJIN LS A AMURKA

Ƙarfin motocin Amurka ya faɗi ƙwarai cikin shekarun 1970. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta wa kamfanoni rage hayaƙi, sa'an nan takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a 1973 ya sa fetur ya yi tsada. A shekarar 1975 injin Chevrolet mai lita 5.7 da ake sa wa manyan motoci irin su Impala ƙarfin doki 145 kawai yake bayarwa, alhali motar ta kusa tan biyu.

Sai a 1994 kamfanin ya waiwayi tsohuwar dabara. Ya ɗauki Caprice, babbar motar da 'yan sanda da 'yan tasi suke amfani da ita, ya sa mata wani nau'in injin Corvette mai ƙarfin doki 260, ya kira ta Impala SS. A nan ma ba a bar inji shi kaɗai ba, an haɗa mata da ƙafafun da ake yi wa motocin 'yan sanda, da birki mai faifai gaba da baya, da tayoyi masu faɗi. An ƙera kusan 70,000 a masana'antar Arlington ta jihar Tekzas kafin a rufe aikinta a watan Disamba na 1996.

A shekarar 1997 kamfanin General Motors ya fito da sabon zuriyar inji da ake kira LS, na farkonsa a Corvette da ƙarfin doki 345. Daga 1999 aka fara sa 'yan uwansa masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a motocin a-kori-kura, aka ƙera su miliyoyi. Wannan yawa shi ya sa suka cika wuraren sayar da kayan tsofaffin motoci, suka yi araha. Ga shi kuma injin ba shi da girman jiki idan aka kwatanta da ƙarfinsa, saboda haka yana shiga kusan kowane ɗakin inji. Wanda yake da tsohuwar Impala ko Caprice ta shekarun 1970 idan ya sa mata mai lita 5.3, wanda ƙarfinsa na farko doki 270 ne, ya kusa ninka abin da take da shi. Har kamfanoni suka taso waɗanda sana'arsu ita ce ƙera kujerun inji da wayoyi da bututun salansa da suka dace da kowace irin mota, ta yadda mai aikin ba ya bukatar ƙiƙƙira da walda irin ta kintace.

ABIN DA INJI YAKE JAWOWA

Sabon inji ba ya zuwa shi kaɗai, yana zuwa da bukatunsa. Na farko shi ne zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona ta lagireto yake fita. Injin da ya fi cin mai ya fi fitar da zafi, lagireton da aka auna wa ƙaramin inji kuwa ba zai iya shanye shi ba, balle a cunkoson Legas ko a zafin bazara na Sakkwato. Ƙarshen abin shi ne ruwa ya tafasa, gaskit ya ƙone, a koma gidan jiya.

Na biyu shi ne hanyar da ƙarfin yake bi daga inji zuwa taya. Kuloci da akwatin giya da farfela da aksil kowannensu akwai iyakar murɗawar da aka ƙera shi ya jure. Idan aka wuce wannan iyaka, wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara karyewa, kuma ba ya zaɓen lokaci. Farfelar da aka yanke aka sake haɗawa da walda ba tare da an daidaita nauyinta ba takan sa mota karkarwa, idan kuwa ta tsinke ana cikin gudu tana iya soke kwalta ta ɗaga motar.

Na uku shi ne nauyi. Inji mai silinda shida ko takwas yawanci ya fi mai huɗu nauyi, nauyin kuma bisa tayoyin gaba yake sauka. Sifirin da shokabzoba na asali sai su danne, sitiyari ya sauya hali, mota ta riƙa son wucewa gaba a lokacin da direba yake son ta sha kwana.

Na huɗu shi ne lantarki. Injinan zamanin nan kwamfuta ce take auna musu mai da wuta, watau abin da kanikawa suke kira ƙwaƙwalwar mota. A motoci da yawa wannan kwamfuta tana magana da ta giya, da ta birki, da makullin da ke hana sata. Wanda ya sayi inji bai haɗo da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa ba ya sayi rabin kaya. Abin da ya fi muni shi ne a yi ta yanke wayoyi ana haɗawa har injin ya tashi, a bar na'urar hana tayoyi kullewa lokacin birki a mace, a cire ƙwan fitilar gargaɗin da ke gaban direba don kada ta dame shi.

LISSAFIN BIRKI

Birki shi ne uban tafiya, kuma lissafinsa ba ya sauyawa don son ran kowa. Ƙarfin da mota take ɗauke da shi lokacin da take gudu ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa. Motar da take kilomita 140 a awa tana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da take ɗauke da shi a kilomita 100. A kilomita 160 ya wuce ninki biyu da rabi. A kilomita 200 ninki huɗu ne cif. Duk wannan ƙarfi birki ne zai mai da shi zafi kafin mota ta tsaya, nisan da za ta ci kafin ta tsaya kuma haka yake ninkuwa.

Har wa yau akwai daƙiƙar da direba yake ɗauka tsakanin ganin hatsari da taka birki. A gudun kilomita 100 mota tana cin mita 28 cikin wannan daƙiƙa ɗaya, a kilomita 160 kuwa mita 44. Wanda ya san hanyoyinmu, da ramukansu, da shanun da ke tsallakawa, da manyan motocin da ke lalacewa a tsakiyar titi da dare ba alama sai ganye, ya san abin da bambancin mita 16 yake nufi.

Birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan saki. Direba ya taka, ya ji ƙafarsa ta nutse, mota tana ta tafiya. Taya ma tana da iyakar gudun da aka ƙera ta ta jure, an kuma rubuta shi da harafi a gefenta: S kilomita 180, T 190, H 210, V 240. Wannan iyaka ta sabuwar taya ce mai cikakkiyar iska. Tsohuwar tayar da ta gama aikinta a Turai aka kawo mana ba ta cikin wannan lissafi.

MAGANAR DOKA

A Jamus ba a sauya wa mota inji da wanda ya fi nata a hau titi sai masu binciken lafiyar motoci sun duba aikin, an kuma shigar da sauyin cikin takardun motar, in ba haka ba izinin hawanta ya faɗi. A jihar Kaliforniya ta Amurka sharaɗi ne injin da za a sa ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, ya zo da duk na'urorinsa na rage hayaƙi, sa'an nan jami'in gwamnati ya duba ya sa hannu.

A nan gida lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji bai je ofishin lasin an gyara takardunsa ba, ranar da jami'an duba motoci ko 'yan sanda suka buɗe bonet suka ga lamba ta saɓa, shi zai yi bayanin inda ya samo shi, don haka rasidin sayen injin abin adanawa ne. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya idan hatsari ya auku aka tarar an sauya motar ba a sanar da shi ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a watan Fabrairu na 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta tsayar da kilomita 100 a awa a matsayin iyakar gudun ƙananan motoci na gida a manyan tagwayen hanyoyi, da kilomita 50 a cikin gari. Daga watan Fabrairu na 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda injinta mai lita 2 bai kai ƙarfin doki 100 ba, tana wuce wannan iyaka ba tare da wahala ba, ita ce kuma ta lashe tseren Safari na Kenya a wannan shekara. Ashe ba ƙarancin ƙarfi ne yake hana mu isa da wuri ba.

Sai maganar aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ƙara hawa. Inji mai silinda shida da aka saya da rangwame kullum sai ya karɓi nasa a gidan mai.

GA MAI NIYYA

Ba a ce sauya inji haramun ne ba, akwai kuma inda yake da amfani, musamman ga tsohuwar mota mai lafiyar jiki wadda kayan injinta suka ɓace a kasuwa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a tsaya cikin zuriyar motar, a sa injin da kamfanin da kansa ya taɓa sa wa wannan jiki. V-boot mai lamba 230 E da mai lamba 300 E jikinsu ɗaya, haka Fijo 505 mai silinda huɗu da mai silinda shida da ta fito a 1986 da ƙarfin doki 170. Wanda zai yi irin wannan aiki ya nemi duk abin da babbar take da shi wanda ƙaramar ba ta da shi, tun daga lagireto da akwatin giya har birki da sifirin da ƙwaƙwalwa, ya sa kuɗinsu cikin lissafi tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Idan kuɗin ba zai kai duka ba, to ya sayi irin injinsa na da, ya sa ragowar a sababbin tayoyi da birki.

Ya kuma tambayi bakaniken ko ya taɓa yin irin wannan aiki a irin wannan mota, ya nemi ganin motar, ya ji daga bakin mai ita. Bayan an gama a gwada birki a fili inda babu jama'a, a gwada da kaya, a gwada a gangara, kafin a ɗauki iyali a kama hanyar Lakwaja. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, motar salun kuwa mutum biyar take ɗauka, huɗu daga cikinsu ba a yi shawara da su ba ranar da aka sayi injin. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.